Kwana Bakwai na Farko: A Kira Mai Sani Cikin Ɗakin Maijego

Na ga masu goyo, na kuma ga waɗanda cikinsu ya tsufa. Allah ya raya mana, Allah ya sauke ku lafiya.

Maganarmu ta yau a kan kwanakin da ke tsakanin haihuwa da suna ce, da makon da ke biye. A cikin waɗannan ƴan kwanaki ne shayarwa ke kama hanya ko ta lalace, kuma a cikinsu ne maijego ta fi nisa da likita. Ku dubi yadda abin yake. Wadda ta haihu a CSI ko a gidan haihuwa, in ba a ga wata matsala ba, washegari tana gida. To, ruwan nono mai yawa ba ya saukowa sai wajen rana ta uku. Ke nan cikar nono, da tsagewar kansa, da kukan jariri na tsakar dare, duk a gida suke samunta, lokacin da ungozomar likita ba ta kusa. Wadda kuwa ta haihu a ɗakinta, wataƙila babu ma'aikacin lafiya ko ɗaya da ya ɗora ido a kanta. Ga kuma al'adarmu, maijego ba ta yawo sai ta yi arba'in.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da jaririnta aƙalla sau 4 bayan haihuwa: cikin awa 24 na farko, sai rana ta 3, sai tsakanin rana ta 7 da ta 14, sai mako na 6. Uku daga cikin huɗun nan suna faɗawa ne a lokacin da take cikin ɗaki. Idan tana iya zuwa likita, madalla, ta je. Idan ba ta iyawa, to taimakon ne ya kamata ya taka ya same ta. Dalilin ziyarar gida ke nan. A wasu wurare ma'aikaciyar likita da kanta takan fito; a mafi yawan ƙauyuka kuwa rele ce da aka horar, ko uwar da ke jagorantar ƙungiyar masu shayarwa. Ba a biyan rele ko dala a kan wannan ziyara.

Wata za ta ce, shayarwa kuma har sai an koya wa mace? Kakanninmu wa ya koya musu? An koya musu mana. Sun tashi suna ganin yayyensu da matan gida suna yi, tsofaffi kuma suna gyara musu hannu. Nono baiwa ce daga Allah, amma riƙon jariri da sa masa nono a baki koyo ne, kamar yadda daka da tankaɗe suke koyo. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne an gano dalilin wasu wahalhalu da a da ake ɗora wa nonon laifinsu.

Bari in ba ku labarin wani kuskure nawa, domin ku rele kada ku maimaita shi. Wata yarinya ce ta yi haihuwar fari, ta koma gidan iyayenta wanka. Na je rana ta biyu, na tsaya daga bakin ƙofa, ɗaki cike da ƴan barka. Na ce, “Yana shan nono?” Aka amsa mini baki ɗaya, “Yana sha.” Na yi addu'a, na rubuta a littafina, na wuce gida na gaba. Rana ta shida aka aiko a kira ni. Na tarar kan nononta duka biyu ya tsage har da jini, jariri ya yi kuka har muryarsa ta dushe, kakarsa kuwa ta riga ta yanke hukunci cewa nonon ƴarta yana da kaikai, an ma fara ɗura wa yaro madarar akuya.

A wannan karon na roƙi a ba mu wuri, aka bar ni da ita da mahaifiyarta. Na ce, “Ƙanwata, ba shi in gani.” Sai na ga abin da ya kamata in gani tun kwana huɗu baya. Saboda kunyar ɗan fari, takan ajiye shi can kan cinya, ta rufa masa zane, ta sunkuya ta miƙa masa nono tana kau da kai. Yaron bai taɓa kama komai ba sai ɗan tsinin nonon. Yana tsotsa, yana murza mata fata, ruwan kirki ba ya fita. Ita tana shan azaba, shi yana kwana da yunwa. Muka gyara mata zama, ta jingina da bango, ta ɗago shi cikinsa ya manne da nata. Da ya wangame baki ta jawo shi, ya kama da kyau. Can sai muka ji yana haɗiya. Mahaifiyarta ce ta fara ji, ta dube ni ba ta ce komai ba. Babu abin da ya sami nonon nan. Da na zauna rana ta biyu na kalli shayarwa ɗaya, da yarinyar ba ta sha wannan wuya ba.

Saboda haka aikin mai ziyara na farko shi ne zama. Ki yi sallama, ki gaida tsofaffin gida, ki wanke hannu da sabulu, ki sami wuri ki zauna, ki kalli shayarwa daga farko har yaro ya saki da kansa. Tambaya kaɗai ba ta isa ba, domin kowace uwa za ta ce yana sha.

Me ake kallo? A fara da yadda ta riƙe shi. Kansa da jikinsa su miƙe a layi ɗaya, kada wuyansa ya murɗe. Gwada shan ruwa kina waiwaye, za ki gane dalili. Fuskarsa ta fuskanci nono, jikinsa ya manne da na uwa, ta tallabe shi gaba ɗaya har ɗuwawu, ba kai kaɗai ba. Jariri ake kaiwa wurin nono, ba a sunkuyar da nono a kai wa jariri. Sannan a dubi bakinsa. Ya buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, baƙin da ke kewaye da kan nono kuma ya fi bayyana ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. In ya kama haka, za ki ga kumatunsa sun cika, yana ja a hankali mai zurfi, yana ɗan tsayawa, kina jin haɗiya. In kuwa kumatu suna lotsawa, yana tsotsa da sauri-sauri ana jin tsat-tsat, uwa tana cije leɓe, to bai kama ba. Ta sa ɗan ƙaramin yatsanta mai tsabta a gefen bakinsa ta zare nonon, ta sake. Kada ta fizge. Ku iyaye mata ku riƙe wannan: shayarwar da ke yi miki zafi daga farko har ƙarshe alama ce ta wani abu da ke son gyara, ba abin jurewa ba ce. Ki aika a kira rele ranar, kada ki jira kan nono ya tsage.

Rele, ki gyara da baki da nuni, ki bar uwa ta yi da hannunta. In kika karɓe yaron kika sa masa nono da kanki, ya sha, kin tafi da gwanintarki gida, ita kuma dare ya yi mata tana nan inda take.

Kukan da muka fi ji a gidaje shi ne, “Nonona ba ya isar sa.” Wani lokaci gaskiya ne, amma sau da yawa tsoro ne. A rana ta farko cikin jariri ba ya ɗaukar fiye da ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a sha guda. Dakashi, wato nonon farko mai kauri mai launin rawaya, daidai wannan cikin yake zuwa. Shi ne kuma wanda wasu gidaje ke matsewa su zubar, suna cewa datti ne, alhali yana ɗauke da kariya daga cututtuka, yana kuma taimaka wa yaro fitar da baƙin kashin farko. Shi ya sa ake son a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ya kama nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

To yaya za a san yana samu? Ba da taushin nono ake ganewa ba, ba kuma da kuka ba. Abin da ke fita ake dubawa. Daga rana ta biyar, yaron da ke ƙoshi yakan yi fitsari aƙalla sau 6 a yini da kwana, fitsari mai haske marar ƙarfin wari, kashinsa kuma ya tashi daga baƙi ya koma rawaya. Yakan sha sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Kowane jariri yana ɗan raguwa a kwanakin farko, amma wajen mako biyu ya kamata ya koma nauyin da aka haife shi da shi. Wannan ma'auni ne kaɗai ke faɗa, don haka a kai shi awo, a rubuta a karne. Nono kuwa gwargwadon yadda ake jan sa yake kawowa, kamar rijiyar da ake ɗiba. Yaron da aka cika masa ciki da wani abu zai rage tsotso, nono ya ragu, a ƙara masa wancan abin, nono ya ƙara raguwa, har a wayi gari a ce ai dama ba ta da nono. Kada a jira sai ya yi kuka. In ya fara juya kai, yana buɗe baki, yana tsotsar hannu, lokaci ya yi. A bar shi ya gama da nono ɗaya kafin a juya shi, domin maiƙon yana ƙaruwa ne can wajen ƙarshe.

Yanzu maganar ruwa, wadda na san ita ce mai wuya. Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa a Nijar kashi 23 cikin 100 kawai na jariran da ba su kai wata 6 ba ake shayarwa da nono zalla, ko da yake kusan kowace uwa tana shayarwa. Abin da ya fi shiga tsakani shi ne ruwa. Ba na ganin laifin kakar da ta dubi jikanta a watan Afrilu, a Tawa ko a Damagaram, iska kamar bakin murhu, ta ce a ba shi ruwa. Tausayi ne ya sa ta faɗa. Amma nonon uwa kansa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta wanda bai bi ta tulu ko moɗa ba. Yaron da ke jin ƙishirwa a bazara zai nemi nono sau da yawa, ya sha kaɗan-kaɗan, ya kashe ƙishinsa. Ruwan randa kuwa ya cika masa ciki ba abinci, ya kuma iya kawo masa zawo, zawo kuwa a jaririn wata ɗaya ba abin wasa ba ne. Uwa ce za a ba ruwa, a ajiye mata kusa da shimfiɗa. Haka bauri da sauran jiƙe-jiƙe, kada su shiga bakin yaro kafin wata 6. Rubutun da aka kawo domin albarka, uwa ta sha, shi kuma a tofa masa addu'a. Abin da aka yarda a ba shi bayan nono shi ne maganin da likita ta rubuta da ɗigon rigakafi.

Ku rele, wannan magana ba da maijego kaɗai ake yin ta ba. Yarinya ƴar shekara goma sha bakwai ba za ta iya hana uwar mijinta ɗura wa yaro ruwa ba, ko da ta yarda da ku ɗari bisa ɗari. Ku zauna da tsohuwar, ku kira ta Inna ko Hajiya yadda ake kiran ta, ku tambaye ta yadda ta yi renon nata, ku saurara. In za a gyara riƙon yaro, a gyara a gabanta, ta ji haɗiyar da kunnenta. Wadda aka kunyata a gaban surukarta za ta jira ki fita ta yi abin da ta ga dama. Wadda aka girmama kuwa ita za ta tsare ƙofar ɗakin.

Maigida ma yana da nasa. Shi ke ba da izinin shiga gida, shi ke riƙe da salula, shi zai nemo amalanke ko kabu-kabu in dare ya yi da matsala. Rele maza, nan ne wurinku: ba ku shiga ɗakin maijego, amma kuna da zaure da majalisa da ƙofar masallaci. A garuruwan da ke da makarantar mazaje, irin wadda aka fara a jihar Damagaram, a kai maganar can. Ku faɗa wa ango cewa kuɗin da zai kashe a madarar gwangwani gara ya sayo wa matarsa wake, da gujiya, da ƙwai, da ɗan nama ko kifi in da hali, a ƙara mata kwano ɗaya ko biyu bisa abin da ta saba ci, a kuma ɗauke mata ɗiban ruwa da daka. Ko a shekarar da rumbu ya yi ƙasa, uwar da ba ta ƙoshi sosai tana iya shayarwa; abin yi shi ne a ciyar da ita, ita kuma ta shayar. Madarar gwangwani da kwalba mai bakin roba suna son tafasasshen ruwa da wanki a kowane sha, da kuɗin da ba ya yankewa. Inda ɗaya ya rasa, yaro ke biya. In uwa ta rasu ko ciwo ya kwantar da ita, a kai jaririn likita a yanke shawara a can.

Tunda na ambaci abincin maijego, bari in ɗan ratse. Kunu yana da kyau, amma a sassauta kanwa, a kuma sassauta zafin ruwan wanka. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, zuciyarta ce ke neman taimako, a kai ta likita ranar.

Wajen rana ta uku ko ta huɗu nono kan cika ya yi tauri har yaro ya kasa kamawa. Nan ma mai ziyara tana da amfani, domin ita za ta koya wa uwa tatsa da hannu. A wanke hannu, a ɗora babban yatsa a saman baƙin nono, manuni a ƙasa, a danna ciki wajen ƙirji, a matse a saki, ana zagayawa. Ba a jan kan nono. In ya yi laushi sai a sa yaro. Wanda aka tatsa a kofi mai tsabta mai murfi ana iya ba jaririn da bai da ƙarfin tsotso, da ƙaramin kofi, a zaune, yana lasa da kansa ba ɗura ba. A zafin ƙasarmu kada a ajiye shi ya wuce awa 4, in da hali ma a ba shi tun kafin nan. Idan wani gefen nono ya yi ja, ya yi zafi, masassara ta rufe uwa, kada ta daina ba da wannan nonon. Barin sa a cike shi ke kai shi ga yin ruwa. Ta ci gaba da shayarwa, ta je likita a ranar. Kada a tsaga, kada a shafa toka ko wani haɗi a kan nonon da ya tsage. Ɗigon nononta da kanta ya isa shafawa, gyaran kamu kuma shi ne maganin.

Rele kuma ta san iyakarta. Akwai abin da ba na gyaran riƙo ba ne. Jaririn da ya daina shan nono sam, ko yake jijjiga ko sanƙarewa, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa sosai in ya ja numfashi, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko shawara ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, ko cibiyarsa ta yi ja tana ruwa, wannan ba a kwana da shi a gida. Ba a jiran suna, ba a jiran arba'in. Tun 2006 dokar ƙasa ta ɗauke kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 a likitocin gwamnati. A tafi da shi manne a ƙirjin uwarsa, tana gwada ba shi nono a hanya. Haka uwar da jini ya ƙi tsaya mata, ko take fitar da ruwa mai wari, ko ciwon kai mai tsanani ya kama ta har ganinta ya dushe.

Ku tuna kuma igiyar awon damtse da aka raba muku ta yara ce daga wata 6 zuwa sama. Jaririn da bai kai nan ba, in kun ga yana ramewa ko bai koma nauyin haihuwarsa ba, kada ku ce igiya ba ta nuna komai ba. Ku tura shi CSI. In tamowa ce mai tsanani za a wuce da shi CRENI tare da uwarsa, a can kuma babban aikin da ake yi shi ne maido da nonon, ko da ya ragu ƙwarai. Ƴan tagwaye, da bakwaini, da wanda aka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba, su ake fara ziyarta, a kuma yawaita komawa.

Abu ɗaya da ba a cika tambaya ba: ita kanta uwar yaya take? Kowa ya shigo jariri yake ɗauka. Ki tambaye ta ko tana samun barci, ko tana cin abinci. In kin ga makonni sun wuce tana kuka ba dalili, ba ta son ɗaukar yaron, kada ki ce mata rashin godiya ne. Ciwo ne da ake samu bayan haihuwa, yana kuma da magani. Ki raka ta wurin ma'aikaciyar likita.

Ku masu ciki, kada ku bari sai wahala ta zo. Kafin mu watse, kowace ta je wurin relen unguwarta ta faɗi watan da take sa ran haihuwa da gidan da za ta yi wanka, musamman wadda za ta koma garin iyayenta, domin a sanar da relen can. Ki faɗa wa maigida tun yau cewa ranar da kika sauka, bayan an sanar da dangi, a sanar da rele. Ku kuma rele ku rubuta, ku ƙidaya kwanakin da kanku. Masu goyon da ke nan, wadda take jin zafi in tana shayarwa ko take shakkar ko ɗanta yana ƙoshi, ta tsaya bayan taro. Mun shimfiɗa tabarma a ɗakin baya, za mu zauna da ku ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke da tambaya, bismillah.